Kafin Jirginka Ya Tashi, Fara Koya Masa Tsayawa: Yadda Ake Saita Totur



Yau ba maganar waya za mu yi ba, duk da ita ce sana'ata. Maganar ƙaramin jirgin sama na rimot ce, irin mai batir ɗin nan da samari ke ƙerawa da farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji ko talabijin. Mu nan Wurno, da Birnin Kudu har zuwa Gwaram, duk wanda ya fara wannan harka sai ya biyo ta wurin mai gyaran waya, domin mu ke da ayon da dalma da mita. Kuma kusan kowa tambayarsa ɗaya ce: yaya zan yi moton ya ƙara ƙarfi? Ni kuwa abin da nake fara tambaya shi ne, in ka ce masa tsaya, yana tsayawa?

Ɗan uwa, sha'awar tashi sama ba yau ta fara a ƙasar nan ba. A shekarar 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tsofaffin kayan mota da na babur. Mu namu ƙarami ne, bai ɗaukar mutum, amma kada ƙanƙantarsa ta yaudare ka. Moton da aka fi samu a kasuwa, A2212 mai 1000KV, in ka ba shi batir mai bolt 11.1, yana iya juyi kusan 11,000 a minti ɗaya in babu farfela a kansa. Ma'anar 1000KV ɗin ke nan: juyi dubu a minti a kan kowane bolt. In ka ɗaura farfela juyin zai ragu, amma har yanzu dubbai ne. Fankar silin da kake tsoron sa wa hannu ba ta kai juyi 400 a minti ba. To ka kwatanta.

Shi ya sa nake cewa saita totur ba daga sama ake farawa ba, daga ƙasa ake farawa. Sifili shi ne aikin farko.

Yadda umarni ke tafiya

Abubuwa huɗu ne a jere. Akwai rimot a hannunka, akwai risiba a cikin jirgi, akwai ESC, sai moto. Shi ESC shi ne ɗan allon nan mai wayoyi biyu masu kauri a gefe ɗaya da guda uku a ɗaya gefen. Aikinsa ya karɓi wutar batir ya riƙa rarraba ta ga wayoyi ukun moto bi da bi, da saurin da ka umarta. Kamar kafireta yake a babur: kai ke murɗa totur, shi ke auna abin da zai shiga.

Risiba ba ta ce masa "ƙara" ko "rage" da baki. Ɗan bugun wuta take aika masa, kusan sau 50 a daƙiƙa, kuma tsawon bugun shi ne saƙon. In bugun ya kai kashi 1000 cikin miliyan na daƙiƙa, ma'anarsa tsaya. In ya kai 2000, ma'anarsa ba da duk ƙarfinka. Matsalar ita ce ba kowane rimot ke ba da daidai 1000 da 2000 ba. Wani ƙasansa 1050 ne, wani samansa 1900. Idan ESC bai san iyakar rimot ɗinka ba, sai ka ga ka sauke sanda ƙasa moto yana ci gaba da motsi, ko ka ɗaga ta har rabi kafin ya farka. Ba lalacewa ya yi ba, ba a gabatar da su ga juna ba ne.

Zan ba da misali da FlySky FS-i6 domin shi ya fi yawa a hannun masu farawa. A cikinsa totur yana canel na uku, wato inda aka rubuta CH3 a jikin risiba. A rimot ɗin Spektrum kuma canel na ɗaya ne. Yawancin rimot da ke shigowa sandar totur tana hannun hagu, kuma za ka gane ta da cewa in ka sake ta ba ta komawa tsakiya da kanta.

Kafin komai: cire farfela

Wannan ba shawara ba ce, sharaɗi ne. A teburina, jirgi ba ya ganin batir sai farfelarsa tana cikin aljihuna. Na san kwance ta da mayarwa akwai ƙosawa, amma minti biyu ne.

Akwai wani yaro a unguwarmu, ɗan sakandare, mai ƙoƙari ƙwarai, da ya yi wata da watanni yana tara kuɗi har ya haɗa nasa. Rimot ɗinsa na hannu ne, wanda ya sayar masa ya juya canel ɗin totur, yaron bai sani ba. ESC ɗin kuma irin mai arha ne wanda ba ya jiran ya ga sifili. Yana jona batir a tsakar gida, jirgin ya zabura daga kan tabarma ya yanke shi a bayan hannu, sai da aka yi masa ɗinki. Ciwon ya warke, amma mahaifinsa ya kulle kayan a akwati, kuma har yau iyayen abokansa in sun ji an ce jirgi sai su ce a'a. Ka ga hannu ɗaya aka yanka, amma yara da yawa aka rufe wa ƙofa. A gari irin namu da kowa ya san kowa, kuskuren mutum ɗaya kan hau kan duk masu harkar.

Mataki na ɗaya: duba wayoyi da lika

Wannan fagenmu ne. Ɗan siririn bakin ayon da muke lika ƙafar caji da shi ba zai iya wayar batir ba. Nemi ayon mai faɗin baki, wat 60 ko sama, domin dalma ta narke ta shige cikin wayar sosai. Lika mai kyau tana sheƙi, wadda ba ta kama ba kuwa za ka gan ta dusu-dusu kamar dunƙulen toka. Idan ɗaya daga cikin wayoyi ukun moto ba ta kama ba, moton zai riƙa karkarwa yana ƙara ba tare da ya juya ba, kuma in ka matsa masa ESC zai ƙone.

Sa mita ka tabbatar ja tana kan ja, baƙa tana kan baƙa. ESC ba ya yafe juya wuta, sau ɗaya ne hayaƙi ya tashi. Ƙaramar fulogin mai wayoyi uku da ke shiga risiba kuma, baƙa ko ruwan ƙasa ita ce ta ƙasa, ja ita ce bolt 5 da ESC ke ciyar da risiba da ita, fara ko ruwan lemo ita ce ta saƙo. Kada ka gwada moto da na'urar ba da wuta ta teburin gyaran waya. Ita an yi ta ne don 'yan amfiya kaɗan, moton nan kuwa yana iya jan sama da goma.

Mataki na biyu: tabbatar ƙasa ƙasa ce

Kunna rimot kaɗai, ba tare da batir a jirgi ba. Shiga inda ake nuna motsin canel-canel, a FS-i6 an rubuta Display. Motsa sandar totur ka kalli layi na uku. In sanda tana ƙasa, layin ya kasance a ƙarshen ƙasa, in ka ɗaga ya bi ka. Ɗan madannin gyara da ke gefen sanda ya zauna a tsakiya, iyakar sama da ta ƙasa kuma su kasance 100 da 100. In rimot ɗinka Futaba ne, ka sani cewa galibi sai an juya canel ɗin totur kafin ya yi daidai da ESC.

Mataki na uku: gabatar da ESC ga rimot

Ga yadda ake yi a yawancin ESC, irin su Hobbywing Skywalker da masu kama da shi:

1. Farfela a cire. Kunna rimot da sanda a ƙasa, domin FS-i6 ba zai bar ka ka wuce ba in ta ɗaga.
2. Bayan ya kunnu, kai sandar har ƙarshen sama.
3. Jona batir a jirgi. Bayan kamar daƙiƙa biyu za ka ji "tit-tit". Ya riƙe iyakar sama ke nan.
4. Nan take sauke sanda har ƙasa. Kada ka tsaya kallo, in ka daɗe zai shige wurin sauya saiti.
5. Zai yi ƙara daidai yawan sel ɗin batir, uku in 3S ne, sannan doguwar ƙara ɗaya. Ya riƙe iyakar ƙasa.

Ka lura, moton ne da kansa ke yin wannan ƙara, babu wata sifika a ciki. Yanzu ɗaga sanda a hankali. Ya kamata moto ya fara juyi da zarar ka ɗaga kaɗan, ya riƙa ƙaruwa sumul har sama, kuma ya mutu murus in ka sauke. Idan ya juya ta baya, musanya kowace biyu daga cikin wayoyi ukun, shi ke nan.

Ka koyi yarensa kuma. In yana "tit-tit-tit" da sauri ba tsayawa, cewa yake sandarka ba ta ƙasa. In yana yi ɗaya-ɗaya da tazara, cewa yake ba ya jin risiba. Duk ranar da ka canja rimot, ko risiba, ko ESC, sai ka sake wannan gabatarwa.

Mataki na huɗu: makullin totur

Sanda a ƙasa ba ta isa tsaro ba. Hannun riga na iya taɓa ta, igiyar wuya na iya jan ta, ƙaninka na iya cewa bari ya gani. Shi ya sa ake ware makunni ɗaya a rimot wanda in ka buga shi, moto ba zai motsa ba ko da an kai sanda sama. A FS-i6 sunansa Throttle hold. Kunna shi, ka sa adadinsa a mafi ƙasa, ka ɗora shi a kan makunnin da yatsanka ke kaiwa ba sai ka duba ba. Ni nakan naɗa masa jan salatif don kada ya ɓace min cikin sauran.

Ka mayar da shi ɗabi'a: makulli a rufe kafin ka jona batir, a rufe lokacin da kake ɗauke da jirgi zuwa fili, a buɗe sai lokacin jefawa, a sake rufewa da zarar ya taɓa ƙasa, tun kafin ka taka zuwa wurinsa. Haka nan rimot shi ake fara kunnawa, shi ake kashewa a ƙarshe.

Mataki na biyar: in saƙo ya yanke fa?

Nan ne mafi yawan mutane ke tsallakewa, kuma nan ne asara take. Rimot ɗin nan yana aiki ne a zangon 2.4GHz, irin na wayfay, kuma wannan zango ba ya ratsa dutse. Duk wanda ya san ƙasar Birnin Kudu ya san duwatsunmu, waɗanda har zanen mutanen da ke jikin wasunsu ya sa aka san garin. Jirgi ya zagaya bayan dutse ko bayan wata ƙatuwar kuka, ko batirin rimot ya yi sanyi, saƙo ya yanke. Me zai faru?

A risibar FlySky, in ba ka saita komai ba, tana riƙe umarnin ƙarshe da ta ji. Wato in totur yana kashi saba'in lokacin da saƙo ya yanke, haka za ta ci gaba da gaya wa ESC. Shi kuma ESC bai san an rabu ba, tunda bugun yana zuwa masa. Jirgin zai yi ta tafiya har batir ya ƙare ko ya ci karo da wani abu. Wannan wani abun zai iya zama garken shanu, ko mai babur a kan hanya, ko tarin karan dawa a bayan gida. Batirin LiPo in ya fashe yana iya kamawa da wuta, ka kuma san yadda kara yake a lokacin hunturu.

Gyaran bai kai minti uku ba. Shiga System, ka shiga RX setup, ka nemi Failsafe. Zaɓi canel na uku, ka kunna shi, ka sauke sanda har ƙasa, sannan ka danne Cancel ka riƙe har ya ajiye. Eh, Cancel ɗin, haka aka yi rimot ɗin: dogon dannawa shi ne ajiyewa. Za ka ga ya nuna -100%.

Kada ka yarda da abin da fuskar rimot ta nuna, gwada. Farfela a cire, ɗaga totur zuwa rabi, moto yana juyi, sai ka kashe rimot ɗin gaba ɗaya. Cikin ɗan lokaci kaɗan ya kamata moto ya tsaya. In bai tsaya ba, jirgin nan bai isa fita ba, ko da ya fi na kowa kyau. In ka sake haɗa risiba da rimot daga baya, sake gwajin.

Mataki na shida: batir, zafi da girman farfela

Mu masu gyaran waya mun san kumburarren batir, kullum muna cire shi. Na jirgi danginsa ne, sai dai ya fi shi fushi. Kowane sel bolt 4.2 ne in ya cika, saboda haka 3S cikakke 12.6 ne. Kada ka bari sel ya sauka ƙasa da wajen 3.5 in ka auna bayan sauka, in kuma za ka ajiye shi kwanaki, bar shi a wajen 3.8.

ESC yana da tsarin rage wuta in batir ya yi ƙasa. Tabbatar an saita shi a kan LiPo, kuma ka zaɓi irin wanda ke rage ƙarfi a hankali maimakon mai yankewa farat ɗaya. Ko moto ya tsaya, ESC yana ci gaba da ba risiba wuta, saboda haka fukafukai suna hannunka, kana iya saukowa da shi a lallaɓe. Amma kada ka jira sai ya kai nan. Yi lissafi: batir mai 2200mAh, in jirgi yana jan amfiya 10 a matsakaici, minti 13 ne ya ƙare tas. Ka bar kashi ashirin a ciki, ya zama wajen minti 10. Sa agogon wayarka ya yi ƙara a minti 8, ka fara shirin sauka.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin Jigawa yana haura digiri 40, kuma adadin da aka rubuta a jikin ESC yana so ne iska ta riƙa bi ta kansa. In ka binne shi cikin soso ba ƙofar iska, 30A ɗin nan ba 30A ba ne kuma. Huda masa mashiga a gaba da mafita a baya. Zaɓi ESC da ya ɗara abin da moto ke ja da kamar kashi ashirin zuwa talatin cikin ɗari. Ka kuma sani, ƙara girman farfela ƙara jan wuta ne. Mai neman ƙarfi ya cire ta inci 10 ya sa ta 12 a kan moto ɗaya, sau da yawa abin da yake samu shi ne warin ƙuna. Ƙaramar mitarmu ta shago iyakarta amfiya 10, kada ka saka ta a wannan layi. Gwaji mai sauƙi shi ne bayan tashi na minti biyu ka sauka ka taɓa moto da ESC. In ba ka iya barin yatsa a kai na daƙiƙa biyar, rage farfela.

A fili

Yanzu ne za ka mayar da farfela, rubutun jikinta yana kallon gaban jirgi. In sabon hannu ne kai, bar layin totur a miƙe yadda ya zo. In ƙarfin ya yi maka yawa, shiga Throttle curve ka sauke maƙurar sama zuwa kashi 80, amma sai bayan ka gama gabatarwar mataki na uku, ba kafin ta ba.

Wajen jefawa, fuskanci iska, ka ɗaga totur a hankali. In ka banka shi lokaci ɗaya, ƙarfin juyin farfela yana murɗa jirgi gefe, galibi hagu, tun bai samu gudu ba. In ya hau, koma wajen rabi, yawancin jiragen koyo a nan suke jin daɗi. Wajen sauka, kashe totur kafin ya taɓa ƙasa. In kuwa ya faɗi da hanci, abu na farko shi ne sauke sanda, domin moton da farfelarsa ta maƙale a ƙasa yana jan wuta mai yawa, cikin daƙiƙu kaɗan zai cinye ESC. Kayan nan kuma ba a bakin titi ake samunsu ba, sai an aika Kano ko an yi oda an jira makonni.

Gonaki bayan girbi sun fi ko'ina dacewa, amma ka nemi izinin mai gona, kuma ka sanar da mai unguwa abin da kake yi tun kafin wani ya kai masa labari a karkace. Tun 2016 hukumar NCAA ta ce jirage marasa matuƙi sai da izini, saboda haka ka nisanci filin jirgin sama na Dutse, da barikin jami'an tsaro, da taron jama'a, kuma in abin naka ya wuce wasan bayan gari, nemi ƙa'idar hukuma kafin ka ci gaba. Yara kuwa dole za su taru, ba ka da yadda za ka yi. Ja layi a ƙasa da ƙafarka, kowa ya tsaya bayanka, ka ba babbansu aikin tsare layin. Za ka sha mamakin yadda zai riƙe aikin.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma an ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kafin kowane tashi, tambayi kanka abu uku: in na sauke sanda yana tsayawa? In na buga makulli yana tsayawa? In rimot ya mutu yana tsayawa? In ukun nan duk eh ne, jefa jirginka da kwanciyar hankali. In ɗaya a'a ne, cire farfela ka koma tebur.

Allah Ya tsare mana hannuwanmu, Ya sa albarka a abin da muke koyo.